RUWA BA YA TSAMI BANZA: DARASI DAGA AIKIN WANI MASANIN DUWATSU MASU AMAN WUTA

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin ma'aikatan wannan shafi ya gabatar a unguwar Adarawo, cikin garin Yola, a wani taron iyaye da ɗalibai da aka yi bayan Sallah, lokacin da 'yan'uwa mazauna Kurmi suka je ganin gida. Mun buga shi domin amfanin waɗanda ba su sami halarta ba.)

 Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina kuma yi wa 'yan'uwa da suka taso daga Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca barka da sauka. Allah ya mai da kowa wurin nemansa lafiya.

Da aka ce in yi wa ɗalibai magana a kan amfanin ilmi, sai na ga idan na tsaya ina jera muku cewa ilmi gishirin zaman duniya ne, to, ban ƙara muku kome ba, gama kowa ya riga ya sani. Saboda haka na zaɓi in ba ku labarin mutum ɗaya, da aikin da ya shafe shekara da shekaru yana yi, da yadda aikin nan ya zo har ƙofar gidanmu. Sunansa Haraldur Sigurdsson, mutumin ƙasar Aisilan, masanin sinadaran da ke cikin duwatsu masu aman wuta. Ni dai aikina gyaran labarai ne a jarida, don haka zan yi bayani da harshen da ni kaina na gane abin da shi.

ABIN DA KE ƘARƘASHIN ƘAFAFUNMU

Kafin mu je ga mutumin, bari mu fara da ƙasar da muke takawa. Can ƙarƙashinta, nisan kilomita da yawa, akwai zafi mai tsanani. A waɗansu wurare zafin nan yakan narkar da dutse kamar yadda maƙeri ke narkar da dalma. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma narkakken baƙin dutse yakan kai digiri 1,200. Da yake bai kai dutsen da ke kewaye da shi nauyi ba, sai ya riƙa tasowa sannu a hankali, ya taru a wani wuri kamar hatsi a rumbu. A cikinsa kuwa akwai iska iri-iri a narke: tururin ruwa, da iskar farar wuta, da iskar kabon, watau irin wadda ke kumfa idan an buɗe lemon kwalba. Idan narkakken dutsen ya sami kafa ya fito sarari, shi ne ake ce wa aman wuta. Idan bai fito ba, iskar kabon takan rabu da shi, ta bi tsagogin duwatsu ta hau, ta shiga ruwan da ke cikin ƙasa. Ina roƙonku ku riƙe wannan magana ta ƙarshe, domin a kanta labarin nan ya ginu.

Masana sun lura akwai jerin irin waɗannan duwatsu wanda ya miƙe wajen kilomita 1,600 a wannan sashe na Afirka. Ya faro daga tsibiran cikin teku, su Annobon da Sao Tome da Bioko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru, wanda tsawonsa ya haura mita 4,000, kuma ya yi aman wuta a 1982 da 1999 da 2000. Daga nan ya bi ta ƙasar Bamenda, sa'an nan ya rabu biyu: reshe ɗaya ya nufi Ngaundare, ɗayan ya yi arewa wajen duwatsun Mandara da tudun Biu. Layin Kamaru suke kiransa. Duk wanda ya dubi taswira zai ga Yola ba ta da nisa da reshen nan na arewa.

Alamunsa kuwa kun sha gani a hanya. Baƙaƙen duwatsun da ke warwatse a tudun Biu, da na tudun Lunguda wajen Guyuk, narkakken dutse ne da ya malala ya daskare. Tafkin Tila da ke ƙasar Biu tsohon ramin aman wuta ne da ruwa ya cika. Dutsen Tangale da ake hangowa wajen Kaltungo, da tsirarun duwatsun Rumsiki da ke tsallaken iyaka, narkakken dutse ne da ya daskare a maƙogwaron dutsen, ruwa da iska suka cinye abin da ke kewaye da shi, shi kuwa ya tsaya. Amma kada kowa ya koma gida da fargaba. Tarihin da aka rubuta bai nuna wani dutse ya yi aman wuta a cikin Nijeriya ba. Abin da muka fi samu daga tsofaffin duwatsun nan ma alheri ne, gama ƙasar da ta fito daga gare su tana da albarkar noma da kiwo, kamar yadda ake gani a tudun Mambila inda ake noman shayi.

MUTUMIN DA AIKINSA

An haifi Sigurdsson a 1939 a wani ɗan ƙaramin garin masunta mai suna Stykkisholmur. Ƙasarsu tsibiri ce mai tsananin sanyi a arewacin tekun Atilantika, kuma aman wuta ne ya gina ta tun daga tushe. Mutanenta sun san zafin abin. A 1783 ƙasa ta tsage a wani wuri da ake kira Laki, ta yi wata takwas tana amai. Gubar da ta fito ta sauka a kan ciyawa, kimanin rabin dabbobin ƙasar suka mutu, yunwar da ta biyo baya kuma ta kashe wajen kashi ɗaya cikin biyar na mutanen. Duk wanda ya tashi cikin makiyaya ya san abin da mutuwar garke take nufi.

Ya yi karatun ilmin duwatsu a Jami'ar Queen's da ke Belfast, ya sami digirin dakta a Jami'ar Durham ta Ingila a 1970. Daga nan ya tafi tsibirin Tirinidad, ya shekara huɗu yana aikin sa ido a kan duwatsun yankin. A 1971 wani dutse a tsibirin Saint Vincent ya fara turo narkakken dutse a tsakiyar tafkin da ke bakinsa, Sigurdsson yana cikin waɗanda suka yi ta hawa suna auna zafin ruwan da tashinsa. A can ya fara sanin halin irin waɗannan tafkuna. A 1974 ya koma Jami'ar Rhode Island ta Amurka, inda ya yi yawancin aikinsa.

Mene ne aikin? Mutum ba ya iya shiga rumbun narkakken dutse ya leƙa. To, amma dutsen da ya fito yana ɗauke da labarin inda ya fito, ga wanda ya iya karantawa. Ga misali guda. Tun narkakken dutse yana can ƙasa, waɗansu 'yan ƙwayoyi sukan fara daskarewa a cikinsa, kamar yadda gishiri ke fitowa a ruwan da ke ƙafewa. Ƙwayar da ke girma takan rufe ɗan ɗigon narkakken dutse a cikinta, ɗigon da sau da yawa bai wuce kaurin gashin kai ba, ya zauna a kulle tare da iskar da ke cikinsa. Sauran da ya fito sarari kuwa, iskarsa ta tsere sama. Sigurdsson da abokan aikinsa suka riƙa auna farar wutar da ke cikin ɗigon nan na kulle, su auna wadda ta rage a dutsen da ya fito sarari, su ɗebe wannan daga waccan. Abin da ya saura shi ne abin da ya tafi sama. Sun buga wannan bincike a 1984. Ta haka ake iya ƙiyasta yawan iskar da wani dutse ya amayar ko da shekaru ɗaruruwa sun shige.

Wani zai ce, ina amfanin sanin wannan? Amfaninsa shi ne, iskar farar wuta idan ta hau can sama takan tare hasken rana, duniya ta yi sanyi. Dutsen Tambora na ƙasar Indunusiya ya yi amai a 1815, mafi girma a cikin tarihin da aka rubuta. A shekarar da ta biyo, 1816, amfanin gona ya lalace a Turai da gabashin Amurka, har ƙanƙara ta sauka a watan Yuni, lokacin da ya kamata a ce ana zafi. Dutse ya yi amai a gabashin duniya, manomi ya kwana da yunwa a yammacinta. Haka kuma shi da abokin aikinsa Steven Carey suka bi tokar dutsen Besubiyus na Italiya shimfiɗa bayan shimfiɗa, suka tsara yadda ya binne garin Pompei da maƙwabtansa a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa. Wannan shi ne irin aikin: haƙuri, da awo, da ƙin faɗin abin da awo bai nuna ba.

TAFKIN MONUN

Yanzu sai mu matso gida. A daren 15 ga Agusta 1984, mutanen da ke kusa da wani ɗan tafki mai suna Monun, wajen garin Fumbot a yammacin Kamaru, suka ji wata ƙara. Da gari ya waye aka tarar da gawar mutum 37, yawancinsu a kan hanyar da ta bi ta kwari kusa da tafkin. Wata mota ta shiga kwarin, injinta ya mutu, waɗanda suka sauko ƙasa suka faɗi, mutum biyu da ke zaune can saman motar suka tsira. Wata huɗu kafin wannan an yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde, saboda haka zargi ya tafi ga maƙiya gwamnati, aka ce guba aka zuba.

Bayan 'yan watanni aka gayyato Sigurdsson ta hannun ofishin jakadancin Amurka. Ya yi aikin tare da waɗansu masana, cikinsu har da wani malamin Jami'ar Yawunde, Felix Tchoua. Tun da tafkin tsohon ramin aman wuta ne, abin da za a fara tsammani shi ne dutsen ya farka. Suka shiga kwalekwale, suka zura ma'auni. Ruwan ƙasa bai da zafi. Babu sabuwar toka, babu yawan farar wuta irin wadda aman wuta kan bari. Sai suka zura kwalabe har gindin tafkin, mai zurfin kusan mita 100, suka jawo su. Kafin su iso sama, ruwan ciki ya fara tafarfasa ba tare da wuta ba, murafe suna tashi. Da aka auna, iskar kabon ce.

Daga ina ta fito? Mai yiwuwa ne a ce ruɓaɓɓen ganye ne da ya taru a gindin tafkin. Amma kabon da ya fito daga tsiro yana da wata alama da ake iya aunawa, wadda wanda ya fito daga zurfin ƙasa ba shi da ita. Awo ya nuna mafi yawan iskar daga zurfin ƙasa take. Sai bayani ya haɗu. Iskar da ta rabu da narkakken dutse tana shiga gindin tafkin ta maɓuɓɓuga. Nauyin ruwan sama ya danne ta, ta narke a ruwan ƙasa, daidai yadda murfi ke riƙe iskar lemo a kwalba. A ƙasashen sanyi ruwan tafki yakan juya a kowace shekara, na sama ya yi ƙasa, na ƙasa ya yi sama, iskar ta fita kaɗan-kaɗan. A tafki mai zurfi a ƙasar zafi kuwa, wanda duwatsu suka kare daga guguwa, ruwan ƙasa yakan zauna shekaru ba motsi, iska tana ta taruwa. Ranar da wani abu ya girgiza shi, kamar zaftarewar ƙasa daga gefe, sai murfi ya buɗe.

Iskar kabon ba ta da launi, ba ta da wari. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi da kamar rabi, saboda haka takan kwanta a ƙasa ta bi kwari kamar ruwa. Inda ta yi yawa, fitila takan mutu, inji ya tsaya, mutum ya suma kafin ya san abin da ke faruwa. Wannan ya bayyana mutuwar motar nan, da tsirar mutum biyu da ke samanta.

Sigurdsson ya rubuta abin da ya gano, ya nuna cewa wannan wani sabon haɗari ne da ba a sani ba, wanda yana iya hallaka gari. Ya aika wa babbar mujallar masana ta Amurka mai suna Science. Aka ƙi bugawa, don an ga maganar ta yi nisa da abin da aka saba. Sai a 1987 binciken ya fito a wata mujalla. Kafin lokacin kuwa, mai aukuwa ta auku.

DAREN ALHAMIS A NIYOS

Dattawan da ke nan za su tuna da labarin a rediyo, ko da yake da yawa daga cikinmu ba a haife mu ba. A daren Alhamis, 21 ga Agusta 1986, wajen ƙarfe tara, tafkin Niyos da ke wajen garin Wum, kimanin kilomita 100 daga Monun, ya saki tasa iskar. Zurfinsa ya haura mita 200, watau ya ninka Monun, abin da ya tara kuma ya fi yawa nesa ba kusa ba. Iskar ta gangara kwari ta bi ƙauyukan Niyos da Ca da Subum, ta kai nisan da ya wuce kilomita 20. Mutum 1,746 suka rasu, tare da shanu fiye da 3,000. Cikin mamatan akwai Fulani makiyaya da ke zaune a tuddan wurin. Gidaje suna tsaye, masara tana tsaye a gona, amma babu kukan tsuntsu, ko ƙuda babu. Waɗansu suka farka bayan sun yi kwana guda ko fiye a sume, suka tarar da iyalinsu duk sun cika. Tafkin da aka sani garau ya koma ja, domin ƙarfen da ke narke a ruwan ƙasa ya taso ya haɗu da iska ya yi tsatsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Nan da nan jita-jita ta bazu. Waɗansu suka ce wata ƙasar waje ce ta gwada sabon bam. Su kansu masana da suka taru daga ƙasashe dabam-dabam kansu ya rabu. Wani shahararren masani Bafaranshe, Haroun Tazieff, da waɗanda suka bi ra'ayinsa, suka ce dutsen da ke ƙarƙashin tafkin ne ya yi amai. Waɗansu, musamman na Amurka da Japan, suka ce abin da ya faru a Monun ne ya sake faruwa. Aka yi babban taro a Yawunde a watan Maris 1987, aka tashi ba a daidaita sarai ba.

Jama'a, kada ku ɗauka wannan musun malamai ne kurum. Rayuka ne a cikinsa. Idan dutse ne ya yi amai, ba abin da ɗan Adam zai yi sai ƙaura. Idan kuwa iska ce ke taruwa a hankali, to, ana iya auna ta, a san lokacin da ta yi yawa, har a nemi hanyar fitar da ita. Abin da ya raba gardama shi ne awo. Masana irin su Minoru Kusakabe na Japan, da George Kling da William Evans na Amurka, da Gregory Tanyileke ɗan Kamaru, suka yi ta komawa tafkunan nan shekara bayan shekara suna ɗebo ruwan ƙasa. Suka tabbatar iskar tana sake taruwa, ba tare da wani aman wuta ba. Gaskiyar kwalaben Monun ta fito.

Sa'an nan aka sami magani, kuma mai sauƙi ne ƙwarai. Wani masani Bafaranshe, Michel Halbwachs, ya jagoranci zura dogon bututu daga kan ruwa har kusa da gindin tafki. Da farko sai a ja ruwan da famfo. Da ya fara hawa, nauyin da ke kansa ya ragu, sai iskar ta fara kumfa, kumfar ta tura ruwan sama, na ƙasa ya biyo. Daga nan sai a kashe famfo, abin ya ci gaba da kansa dare da rana, ruwa yana feshi sama wajen mita 50, iskar tana bajewa kaɗan-kaɗan yadda ba za ta cuci kowa ba. An kafa bututun farko na dindindin a Niyos a 2001, aka ƙara biyu a 2011. A Monun an fara a 2003. Har ila yau wannan ilmi ya sa aka mai da hankali a kan tafkin Kibu da ke tsakanin Ruwanda da Kwango, wanda shi ma ya tara iska a gindinsa. A 2016 Ruwanda ta buɗe tashar da ke jawo iska mai kama wuta daga tafkin tana samar da lantarki da ita.

Shi kuwa Sigurdsson ya ci gaba da aikinsa. Shi ne babban editan wani ƙaton kundi a kan duwatsu masu aman wuta da ya fito a 2000. A 2004 shi da masanan Indunusiya suka tono wani gida da tokar Tambora ta binne tun 1815. A 2009 ya buɗe gidan tarihin aman wuta a garinsu na haihuwa. Ya zaga duniya, amma abin da ya samo ya kai gida.

INA RUWANMU?

To, ina ruwan mutumin Adarawo da tafkin da ke wata ƙasa? Da farko, iyakar nan ta jiya ce. Tun Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ƙasar da ake mulka daga nan ta kai har Ngaundare da Tibati da Banyo, kuma har gobe muna da dangi a can. Na biyu, ruwa bai san iyaka ba. A gefe ɗaya na tafkin Niyos, abin da ke tare ruwan wani bango ne na tsohuwar toka da tsakuwar aman wuta, mai tsawon kamar mita 40, wanda ruwa ke ci sannu a hankali. Masana sun yi gargaɗi tun 1988 cewa idan ya karye, ruwan zai bi kogin Katsina-Ala ya shigo Nijeriya. Ambaliyar ba za ta zo Yola ba, domin kogin Katsina-Ala yana haɗuwa da Binuwai ne can ƙasa wajen Makurɗi. Amma ƙasar Takum da zai fara taɓawa, a lokacin tana cikin Jihar Gongola ne, wadda Yola ce hedkwatarta, kafin a raba ta zuwa Adamawa da Taraba a 1991. Wannan gargaɗi shi ne babban dalilin gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Jihar Taraba, wadda aka yi don ta tare ambaliyar, aka kuma haɗa mata injunan lantarki na megawat 40. Can Kamaru ma daga baya an ƙarfafa bangon da siminti.

Ku kwatanta wannan da abin da muka sani a nan. An gama madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wajen Garwa, a 1982. An daɗe ana maganar gina ta Dasin Hausa a ƙasar Fufore domin ta tare ruwan da za a saki. Har aka yi ambaliyar 2012, aka sake yin ta 2022, ba a gina ta ba, mutanen bakin kogi a Jimeta da Numan sun ga abin da ya biyo baya. A wuri ɗaya an ji gargaɗi an yi aiki, a ɗayan an ji an jinkirta. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

ROƘONA GARE KU

Ina da roƙo guda huɗu, sa'an nan in zauna.

Na farko ga ƙannena ɗalibai. Kun ji sunayen da na jera: mutumin Aisilan, da na Japan, da na Faransa, da na Amurka, da na Kamaru. Ƙasar tamu ce, duwatsun namu ne, ya kamata a ce idan an tashi auna ruwan Tila, ko Ruwan Zafi na Lamurde, ko tafkin Pidong na Jihar Filato, ɗanmu ne ke riƙe da kwalbar. Ba sai kun ƙetare teku ba kafin ku fara. Akwai sashen ilmin duwatsu a Jami'ar Modibbo Adama da ke nan kusa da mu, akwai a Zariya da Jos da Maiduguri. Ƙofar shiga kuwa ita ce lissafi da ilmin haɗa sinadarai tun daga sakandare. Kada ku guje su. Wannan ilmi shi ne kuma ake nemo ruwan rijiyar burtsatse da ma'adinai da man fetur da shi, don haka mai shi ba ya rasa abin yi.

Na biyu ga iyaye, musamman ku da kuke nema a Kurmi kuna aiko da kuɗi gida. Kun san wuyar da kuke sha a Agege da Sabon Badun kafin ku tara abin da kuke aikowa. Idan yaro, namiji ko mace, ya nuna ƙwazo a kimiyya, kada a cire shi don ya je ya riƙe tireda. Sigurdsson ya haura shekara 30 kafin ya gama karatu, kuma sai da ya yi shekara 14 yana aiki kafin ranar Monun ta zo. Ilmi irin wannan dabino ne, ba ya 'ya'ya a shekarar da aka shuka shi.

Na uku ga 'yan'uwanmu masu haƙar rijiya da yasarta, waɗanda suke da yawa a biranen Kudu. Iskar da ta kashe mutanen Niyos takan kwanta a gindin tsohuwar rijiya ko rami mai zurfi. Sau nawa muka ji mutum ya shiga ya faɗi, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, shi ma ya faɗi? Dabarar iyayenmu ta zura fitila a rijiyar ruwa tana da tushe: idan ta mutu, kada kowa ya shiga sai an kaɗa iska a ciki. Ramin masai kuwa kada a kai masa wuta, gama iskarsa tana iya kamawa. A buɗe shi ya daɗe yana shan iska. Kada a shiga ba igiya a ƙugu da mutane a sama. Idan wani ya faɗi a ciki, a jawo shi da igiya, kada a bi shi.

Na huɗu ga wakilanmu da shugabanninmu. Muna da hukumar binciken ƙasa da ma'adinai wadda tushenta ya faro tun 1919, muna da cibiyar da ke lura da motsin ƙasa a Toro ta Jihar Bauci. A ba su kayan aiki, a ba malaman jami'o'inmu abin da za su fita daji su yi awo da shi, a yi ta yi kowace shekara ko da ba abin da ya faru. Idan kuma suka kawo rahoto, a karanta shi tun kafin a yi makoki. Kuɗin bututu uku bai kai ran mutum ɗaya ba.

Mu duka kuma, idan wani abin mamaki ya auku, kada mu yi gaggawar ɗora wa maƙiyi, ko aljan, ko wata ƙabila. Mun yi imani kome da ƙaddarar Allah yake faruwa, amma Allah ya sanya wa kowane abu sababi, ya kuma ba mu hankalin bincike. Iyayenmu sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da na ba ku labarinsa ya shiga kwalekwale ya je ya nemo dalilin, kuma mutanen da ke kwana yau a kwarin Niyos suna cin amfanin wannan nema.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya tsare ƙasarmu da maƙwabtanmu, ya yi wa 'ya'yanmu albarka.